Yadda ake zaɓen koyil ɗin sigarin lantarki ga mai zuƙa da ƙaramar wuta

A jikin kowane koyil na sigarin lantarki, wato ɗan ƙarfen da ke ɗauke da waya da auduga, wanda wayarsa ke yin zafi ta mayar da ruwan nikotin tururi, akwai ɗan rubutu siriri da sai mutum ya ƙanƙance ido yake iya karantawa. Lamba ɗaya tana da alamar Ω a gefenta, misali 1.2, sai wasu biyu da harafin W a ƙarshe, misali 10–14. Ta farkon ita ce turjiyar koyil, wato irin turjewar da wayar cikinsa ke yi wa wutar lantarki, kuma da om ake auna ta. Biyun ƙarshen kuwa ƙarfin wutar da masana'anta ta yanke wa koyil ɗin ne, daga ƙasa zuwa sama, ana auna shi da wat. Mafi yawan masu saye om kawai suke tambaya su wuce, alhali lambar wat ce ta fi faɗin gaskiyar halin koyil. Om ba ya zama mai yanke hukunci sai a wata irin na'ura da za a zo kanta yanzu.

Abin da ake nufi da ƙaramar wuta a nan shi ne daga wat 7 zuwa wajen 18. A wannan tsakanin ake zuƙa irin ta taba sigari: a ja tururi ya taru a baki, sannan a shigar da shi ƙirji. A jikin kwalaye ana yi wa wannan salon alamar MTL. Bayanin na manya ne da dama suna shan taba ko sun riga sun koma ta lantarki. Nikotin yana kama jiki, wanda bai fara ba babu ribar da zai ci in ya fara, yara da masu juna biyu kuwa ba ma da su ake ba.

Fara da gane irin na'urar da ke hannunka

Na'urorin kashi biyu ne, kuma amsar tambayar "om nawa zan saya" ta dogara ga wanda taka ta faɗa ciki.

Kashi na farko masu allo ne ko maɓallin ƙara wuta da ragewa. Kai ne za ka ce wat 12 kake so, ƙwaƙwalwar na'urar ta auna om ɗin koyil, ta lissafa bolt ɗin da za ta tura masa, wato ƙarfin tunkuɗar wutar, don a sami wat 12 ɗin. Ko koyil ɗin om 0.8 ne ko 1.6, ƙarfin da zai shige shi ɗaya ne. A irin wannan na'ura om bai da iko da ƙarfin wuta.

Kashi na biyu ba su ba ka wannan zaɓin ba. Yawancin 'yan ƙananan na'urori masu kwanso, wato ɗan tankin da ke haɗe da koyil wanda ake cirewa a sauya, a nan suke, haka masu siffar biro. Wasu suna tura bolt tsayayye, wasu kuma duk abin da ke cikin batir shi suke miƙa wa koyil kai tsaye. A nan om ne linzami. Lissafin ya samo tushe daga dokar da Bajamushe Georg Ohm ya wallafa a 1827, kuma ba shi da wuya: a ninka bolt da kansa, a raba da om, abin da ya fito shi ne wat. Batirin lithium da ake amfani da shi matsakaicin ƙarfinsa bolt 3.7 ne. In an ninka 3.7 da kansa ana samun 13.69, ga abin da rabawa ke bayarwa:

- om 1.8, wat 7.6
- om 1.6, wat 8.6
- om 1.2, wat 11.4
- om 1.0, wat 13.7
- om 0.8, wat 17.1
- om 0.6, wat 22.8

Lura da yadda tazarar ke buɗewa can ƙasa. Daga 1.8 zuwa 1.6 wat ɗaya kacal aka ƙara, amma daga 0.8 zuwa 0.6 an ƙara kusan shida. Shi ya sa mutum zai sauya kwanso daga 0.8 zuwa 0.6 yana ganin ɗan abu ne, ya tarar kamar na'urar wani aka ba shi.

In taka tana miƙa wutar batir kai tsaye, akwai wani abin kuma. Batir cike da caji bolt 4.2 yake bayarwa, in ya ja baya ya sauko wajen 3.4. Koyil mai om 1.2 zai sami wat 14.7 da an cire shi daga caji, ya koma 9.6 kafin ƙarewa. Wannan ne dalilin da ya sa zuƙar farko ke zuwa da zafi, ta ƙarshe ta zo salam. Wanda yake jin ƙauri a zuƙa goma na farko bayan caji, daga baya ya daina ji, om ɗin koyil ɗinsa ya yi ƙasa da yawa ga na'urar. Ya hau mataki ɗaya, daga 1.0 zuwa 1.2, ko daga 1.2 zuwa 1.4.

Akwai na'urori masu kwanso da ke karanta om su zaɓi wat da kansu. Su ma a lissafa su a kashi na biyu, tunda ta hanyar sauya kwanso kaɗai ake sauya musu ƙarfi.

Ko a kashi na farkon akwai wata iyaka da ake mantawa da ita. Koyil mai om da yawa bolt da yawa yake nema. Don a ba mai om 1.8 wat 14, sai an tura masa bolt 5, wanda ya fi abin da batir ɗaya ke da shi. Na'ura mai da'irar ɗaga bolt, wato haɗin lantarkin cikinta da ke ƙara bolt fiye da na batir, za ta iya. Wadda ba ta da ita allonta zai nuna 14, amma abin da ke isa ga koyil ba zai kai wat 10 ba ko da batirin cike yake. Duba takardar na'urar, inda aka rubuta iyakar bolt ɗin da take fitarwa da tsakanin om ɗin da take karɓa. In iyakarta ba ta wuce 4.2 ba, tsaya a om 1.0 zuwa 1.2.

Zaɓi wat tukuna, om ya biyo baya

Tambayar da ta kamata ita ce wane irin zuƙa kake so. Mai son ja mai tsauri, tururi kaɗan mai ɗan sanyi, wanda ba ya cika ɗaki, wat 7 zuwa 11 ya ishe shi, kuma koyil ɗin da ake ƙera wa wannan ƙarfin galibi daga om 1.4 zuwa 1.8 suke. Mai son abin da ya fi kusa da sigari wajen ɗumi da nauyin ja ya nemi wat 10 zuwa 14, inda om 1.0 da 1.2 suka fi yawa. Daga wat 14 zuwa 18 gidan om 0.8 ne, ja ya ɗan saki, tururi ya ƙaru, ruwa ma ya ƙara tafiya. Om 0.6 yakan nemi wat 18 zuwa 25, ya riga ya sa ƙafa ɗaya waje da ƙaramar wuta.

Waɗannan iyakokin suna shiga juna daga masana'anta zuwa masana'anta. Koyil ɗin Nautilus na kamfanin Aspire mai om 1.8, alal misali, wat 10 zuwa 14 aka rubuta masa, ɗan uwansa mai om 0.7 kuma 18 zuwa 23. Saboda haka abin da aka buga a jikin ƙarfen shi ne abin bi. Wanda bai san ta inda zai fara ba ya ɗauki 1.0 ko 1.2. Kusan kowace na'ura tana iya ɗaukar su, kuma daga nan in aka ga buƙatar hawa ko sauka, mataki ɗaya ne.

Ana yawan cewa om mai yawa yana tattalin batir. A kashi na biyu gaskiya ne, domin om mai yawa yana nufin wat kaɗan. A kashi na farko kuwa wat ɗin da ka saita ne ke cin batir. Ga lissafi: batir mai 1000mAh, wato ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka, yana riƙe da wajen jul 13,300 na makamashi. Zuƙar daƙiƙa uku a wat 12 tana cin jul 36, ka ga zuƙa 370 ke nan a takarda, a aikace a cire kusan kashi ɗaya cikin goma na asarar da'ira. A wat 25 zuƙar tana cin jul 75, adadin bai kai 180 ba. Ruwa ma kusan haka yake tafiya, ninka wat kusan ninka shan ruwa ne.

Abin da ya sa koyil biyu masu om ɗaya ba su da hali ɗaya

Nan ne gundarin maganar. Abu uku ke haifar da om: irin ƙarfen wayar, kaurinta, da tsawonta. Siririyar waya ta fi turjiya, doguwa ma haka. Ke nan ana iya kaiwa ga om 1.2 da gajeriyar waya siririya, ana kuma iya kaiwa da doguwa mai kauri. Allon na'ura 1.2 zai nuna a dukkansu, amma a baki ba abu ɗaya ba ne.

Ɗauki wayar Kanthal A1, wadda ita ce aka fi naɗi da ita. Ana auna kaurin waya da geji, kuma lambar a juye take, mai girma ita ce siririya. Geji 26 kaurinta milimita 0.40 ne, mita ɗaya tana da om 11.3. Geji 28 milimita 0.32, om 17.9 a mita. Geji 30 milimita 0.25, om 28.5 a mita. Don a sami om 1.2, geji 26 tana bukatar tsawon milimita 107, geji 28 milimita 67, geji 30 kuma milimita 42. In aka auna yawan ƙarfen da ke cikin kowanne, na geji 26 ya ninka na geji 28 sau biyu da rabi, ya ninka na geji 30 fiye da sau shida.

To a ba kowannensu wat 12. Mai geji 26 kamar ƙatuwar tukunya ce a kan 'yar wuta: za ka danna maɓalli ka jira daƙiƙa ɗaya ko fiye kafin tururi ya taso, in ya taso ma ya zo da sanyi, ɗanɗano a dushe, bayan ka saki kuma ƙarfen ya ci gaba da dafa ruwan da ya rage a banza. Mai geji 30 da ka taɓa maɓalli ya ɗau zafi, in ruwa bai iso da sauri ba ya babbaka auduga. Mai geji 28 shi ne a tsaka-tsaki, shi ya sa masu naɗi suka riƙe shi a matsayin wayar ƙaramar wuta.

Masu son lissafi suna raba wat da faɗin fatar wayar, wato wurin da ke taɓa jiƙaƙƙiyar auduga. A misalin nan fatar geji 26 ta kai murabba'in milimita 136, ta geji 28 wajen 68, ta geji 30 wajen 34. A wat 12, kowane murabba'in milimita yana samun miliwat 88, da 178, da 356 bi da bi. Abin da masu naɗi suka saba nema yana tsakanin 150 da 250. Da wannan ma'aunin, geji 30 ɗin can wat 7 zuwa 8 ne daidai da shi, geji 26 kuwa sai an kai shi wat 20 ko sama kafin ya farka, duk da cewa om ɗinsu ɗaya. Mai sayen koyil haɗaɗɗe ba ya ganin wayar ciki, amma masana'anta ta riga ta yi masa wannan lissafin, shi ne lambar W ɗin da ke jiki.

Irin ƙarfe ma yana sauya lissafi. Kanthal haɗin baƙin ƙarfe ne da kuromiyam da alminiyam, sunansa ma daga wanda ya ƙirƙiro shi ne, Hans von Kantzow, da garin Hallstahammar na ƙasar Sweden. Shi ya fi turjiya, kuma om ɗinsa kusan ba ya motsi in ya yi zafi. Ni80, haɗin nikel da kuromiyam, turjiyarsa kashi uku cikin huɗu ce ta Kanthal, yana ɗan fi saurin ɗaukar zafi, sai dai wanda nikel ke sa wa jikinsa ƙaiƙayi ya ƙaurace masa. SS316L, ƙarfen da ba ya tsatsa, turjiyarsa wajen rabin ta Kanthal ce. Naɗin da zai ba da 1.2 da Kanthal, 0.9 zai bayar da Ni80, da SS316L kuma 0.6 da ɗoriya. Wannan 0.6 ɗin har yanzu koyil ne na wat 12 a na'ura mai allo, tunda girman wayar bai sauya ba. A na'ura marar allo kuwa zai ja fiye da wat 20 ya ƙone lagwani, wato audugar. SS316L om ɗinsa yana ɗan hawa in ya yi zafi, saboda haka ana iya amfani da shi a tsarin ƙayyade zafi mai alamar TC, ana kuma iya amfani da shi a tsarin wat. Wayar Ni200, wato zallan nikel, da ta titaniyam na tsarin TC ne kawai, ba a kunna su a tsarin wat.

Sai koyil mai raga, wanda maimakon naɗaɗɗiyar waya aka sa siririn faranti mai huji-huji a naɗe jikin auduga. Ƙarfensa kaɗan ne, fatarsa da faɗi, zafi yana bazuwa daidai. Shi ya sa mai raga om 0.8 yake aiki lafiya a wat 12 zuwa 16, kuma ɗanɗanonsa ya fi fitowa. Aibinsa shi ne ba ya haƙuri da bushewa, in ruwa ya yanke, faɗin audugar gaba ɗaya ke ƙonewa lokaci guda.

Ruwa da iska su dace da koyil

Ruwan da ake zubawa haɗin abu biyu ne, PG mai tsinkewa kamar ruwa da VG mai kauri da yauƙi. Koyil ɗin ƙaramar wuta ƙofofin shan ruwansa ƙanana ne, wasu ba su wuce kan allura da yawa ba. Rabi da rabi, wato 50/50, shi ne nasa, 60 na VG ma yakan wuce. Ruwa mai VG 70 zuwa sama ba ya ratsa ƙofofin da saurin da ake bukata, musamman lokacin sanyi da yake ƙara kauri, sai auduga ta bushe a tsakiyar zuƙa. Da yawan waɗanda ke zargin koyil da saurin ƙonewa, ruwansu ne bai dace ba. Akasin haka ma yana faruwa: ruwa mai tsinkewa a koyil mai manyan ƙofofi yoyo yake yi.

Ƙarfin nikotin yana tafiya ne a juye da wat. Ƙaramar wuta tururi kaɗan take bayarwa, don haka ake haɗa ta da ruwa mai ƙarfi: nikotin na asali miligiram 6 zuwa 12 a kowace mililita, wani lokaci 18, ko gishirin nikotin mai 10 zuwa 20, wanda ba ya kartar maƙogwaro sosai. Dokar Tarayyar Turai ta 2014 a miligiram 20 ta tsayar da iyaka. In ka sauko daga om 1.2 zuwa 0.6, rage ƙarfin ruwan da kusan rabi. Jiri, tashin zuciya, ciwon kai da bugun zuciya alamun nikotin ya yi yawa ne, a ajiye na'urar. Ruwan kansa guba ne in an haɗiye shi, a rufe kwalba a ɗora inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Iska ita ce ke sanyaya koyil. Hujin iska na ja mai tsauri daga milimita 0.8 zuwa wajen 1.5 yake. In ka buɗe iska sosai a wat 10, tururi zai zo fayau ba ɗanɗano. In ka toshe ta a wat 17, zai zo da zafi ya gajiyar da auduga. Ƙarin wat yana tafiya da ƙarin iska.

Saka sabon koyil

1. Karanta om da wat na jikinsa kafin ka saka, domin da ya shiga tanki rubutun ya ɓuya.
2. Ɗiga ruwa a kan audugar da ke leƙowa ta ƙofofin gefe, ɗigo ɗaya kowace ƙofa, sai ɗigo biyu ta saman. Farar auduga za ta koma kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Kada a cika ramin tsakiya.
3. Ɗaura shi ko tura shi har ya zauna daram, ka duba zoben robar da ke gindinsa bai murɗe ba.
4. Cika tanki, ka bar shi a tsaye minti 5 zuwa 10. Kwanson da ba a iya ɗiga wa ruwa kai tsaye a ba shi goman cif.
5. Ɗora a na'ura ka dubi om ɗin da allo ya nuna. Bambancin 0.05 zuwa 0.1 ba komai ba ne. Koyil mai 1.2 da ya nuna 0.7 ko 2.0 akwai matsala, kada a kunna.
6. Saita wat ɗin ƙasa da mafi ƙanƙantar lambar da aka rubuta da wat ɗaya ko biyu. Yi gajerun zuƙa huɗu ko biyar.
7. Riƙa ƙara rabin wat ko ɗaya bayan kowace 'yar zuƙa. Inda ɗanɗano ya fito sosai, ɗumi ya yi maka daidai, tsaya nan. Yawanci a tsakiyar lambobin biyu ake samun wurin.

Ja a hankali, daƙiƙa uku zuwa huɗu, kuma a bar daƙiƙa 15 zuwa 20 tsakanin zuƙa da zuƙa don lagwani ya sake sha. Fizgar iska da ƙarfi ba ta ƙara tururi a wannan salon, ruwa kawai take jawowa cikin bututu.

Ga wanda zai naɗa da kansa

Kayan aiki: waya, sandar naɗi mai kaurin milimita 2 ko 2.5, filayar yanke waya, matsefata mai bakin tangaran, almakashi, ƙaramar sukundireba, audugar da aka tanada don wannan aikin, da na'urar auna om ko na'ura mai allo.

Naɗin da ya fi sauƙin dacewa shi ne Kanthal geji 28, zagaye 7 a kan sandar milimita 2.5. Kowane zagaye yana cin kusan milimita 8.9 na waya, bakwai sun ba da 62, a haɗa da ƙafafu biyu a sami wajen 69, wato om 1.2 da ɗan kai. Wannan yana jin daɗin wat 11 zuwa 14. Zagaye 6 zai sauko wajen 1.1, zagaye 8 ya hau 1.4. Mai son wat 8 zuwa 10 ya ɗauki geji 30, zagaye 7 a sandar milimita 2, zai sami wajen 1.6. Mai son wat 16 zuwa 20 ya ɗauki geji 26, zagaye 7 a sandar 2.5, wajen 0.8. Koyil ɗaya ake sawa. Biyu da aka ɗaura gefe da gefe a mazauni ɗaya suna raba om gida biyu, suna ninka ƙarfen da za a ɗumama, ƙaramar wuta ba ta iya musu.

Bayan naɗi, a zura ƙafafun a mazauninsu sandar tana ciki, a ɗaure sukuru da kyau amma ba har ya datse wayar ba, a daidaita koyil a saitin hujin iska da tazarar milimita ɗaya zuwa biyu, a yanke rarar ƙafafu ƙasa-ƙasa don kada su taɓa murfi. A auna om da murfi a buɗe, a sake aunawa da murfi a rufe. In lambar ta faɗi bayan rufewa, waya tana taɓa ƙarfe.

Sai gwajin wuta ba tare da auduga ba: a wat 8 zuwa 10, ana dannawa ana saki. Ana so ya fara yin ja daga tsakiya ya bazu zuwa gefe. In ɗigo ɗaya ya riga sauran haske, ko ƙafa ta yi ja kafin naɗin, a saki maɓalli a ɗan matse ko a kankare naɗin da matsefatar tangaran, a kuma duba sukuru. Ja mai duhu ya isa, ba sai ya yi fari ba. Ni200 da titaniyam ba a yi musu wannan gwajin, haka koyil haɗaɗɗe mai auduga a ciki.

Auduga ta shiga da ɗan tauri, in ka ja ta ka ji tana gogar naɗin amma ba ta jan shi. Ta yi yawa, ta shaƙe hanyar ruwa. Ta yi kaɗan, tanki ya yi yoyo, kuma inda waya ba ta taɓa auduga ba nan ƙauri ke farawa. A barbaza jelar da bakin matsefata, a kwantar da ita a bakin ramin ruwa ba tare da dannawa ba.

In abu ya ɓaci

Ƙauri mai kartar maƙogwaro yana nufin waya ta yi zafi babu ruwa a kanta. Ko wat ya wuce, ko ruwan ya yi kauri, ko ana zuƙa ba hutu, ko tanki ya sauka ƙasa da ƙofofin koyil. Kada a daure a ci gaba, domin a irin wannan zafin ne PG da VG ke rushewa su fitar da sinadarai masu cutarwa irin su fomaldihayid da akrolin. Audugar da ta ƙone ba ta gyaruwa, sai sabon koyil.

Ƙarar ɓul-ɓul da tsartuwar ruwa mai zafi a harshe akasin haka ne: ruwa ya fi ƙarfin wutar. Yana yawan samun wanda ya sayi koyil mai neman wat 20 yana kunna shi a 12 don tattalin batir. A ƙara wat zuwa cikin iyakar da aka rubuta, a naɗe na'urar da tsumma a yarfa ta ƙasa sau biyu ko uku don rarar ruwan ta fita. In ƙaramar wutar ake so da gaske, a sauya koyil zuwa wanda aka yi dominta.

Tururi mai jinkirin tasowa ko da batir cike, ƙarfen ne ya yi wa wat ɗin yawa, ko na'urar ba ta iya ɗaga bolt. Ɗanɗano ya dushe bayan kwana biyu ko uku, buɗe ka duba: baƙin ƙanzo a jikin waya aikin ruwa mai yawan zaƙi ne ko mai duhun launi, ba laifin om ba ne. Da ruwa marar zaƙi sosai koyil yakan kai mako ɗaya zuwa biyu, wani lokaci fiye.

Om yana tsalle, yanzu 1.2 anjima 1.5, alamar sakwarkwacewa ce. A ƙara ɗaure koyil, a goge fil ɗin da ke tsakanin tanki da na'ura da busasshen tsumma, domin ɗigon ruwa ɗaya a wurin ya isa ya rikita awo. In allo ya rubuta "Check Atomizer" ko "No Atomizer", wuta ba ta ratsawa ne, ko waya ta tsinke ko fil bai taɓa ba. In ya rubuta "Short" ko "Atomizer Low", waya ta haɗu da jikin ƙarfe, a cire tankin kafin a sake danna komai.

Batir

Ƙaramar wuta ba ta wahalar da batir. A na'ura mai allo, wat 15 ba ya jan fiye da wajen amfiya 5, wato ma'aunin yawan wutar da ake ja daga batir, ko da batir ya sauko bolt 3.2. A na'urar da ba ta da ƙwaƙwalwa sam, bututun ƙarfe ne da maɓalli kawai, ana raba 4.2 da om: mai 1.2 yana jan amfiya 3.5, mai 0.8 yana jan 5.25. Haɗarin irin wannan na'urar ba a nan yake ba, a haɗuwar waya yake, tunda babu abin da zai yanke wutar, saboda haka ba a ɗora mata koyil ɗin da ba a auna ba, kuma ba ta sabon shiga ba ce.

Batirin da ake cirewa, irin 18650 mai faɗin milimita 18 da tsawon 65, duk jikinsa ƙarfe ne mai ɗauke da wuta, siririyar ledar da aka naɗe shi da ita ce kaɗai tsakaninsa da haɗuwa. In ledar ta yage ko da kamar ƙwayar gero ce, a daina amfani da shi sai an sake masa riga. Ba a jefa shi aljihu tsirara tare da makullai ko tsabar kuɗi, a sa shi a 'yar kwalinsa ta roba. Wanda ya lotsa, ko ya kumbura, ko yake zafi a hannu a wat 12, a fitar da shi daga aiki, a kai shi inda ake karɓar matattun batura maimakon kwandon shara.